Ranar da na yi misali da baban abokina

Shekarun baya, ina ɗalibi a Guangzhou, aka ɗora mana wani darasi na dole kan tarihin gabashin Asiya. Ni da na zo karatun injiniya, ina ruwana da Japan ta zamanin takobi? Amma malamar, wata 'yar China mai tsauri, ta ce kowa sai ya tsaya gaban aji ya yi bayani.

Ni aka ba tsarin al'ummar Japan ta wancan zamani. Mayaƙa a sama, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, sai 'yan kasuwa. Can ƙasa kuma ga waɗanda ba a ma lissafa su cikin mutane: mahauta da majema. Addinansu na ɗaukar taɓa jini da mushe ƙazanta, don haka aka ware musu unguwanni, ba a auratayya da su, ɗa kuma sai ya gaji uba ko yana so ko ba ya so.

Na zuba bayani tiryan-tiryan, kai ya fara kumbura. Sai malamar ta tambaya ko a ƙasarmu akwai irin wannan. Bakin nan nawa da ba linzami! Na nuna abokina, Bakano ɗan'uwana da muke ɗaki ɗaya, na ce ga misali nan a zaune, babansa mahauci ne, kuma akwai gidajen da ko likita ya zama ba za su ba shi 'ya ba. Har da 'yar dariyata. Aji ya juyo yana kallonsa, wasu na rubutawa.

Alhali da bakinsa ya taɓa faɗa min an hana shi aure saboda haka. Amana ya ba ni.

Bai yi min faɗa ba. Da muka fito ya ce, "Na baro Kano don a daina ce min ɗan mahauta, ashe da mai faɗin na taho."

A satin ya canja ɗaki. Na ba shi haƙuri, na haɗa shi da Allah, har wani dattijo ɗan Maraɗi da muke yi wa tafinta a unguwar Liwan ya sa baki. Ya ce ya yafe, kuma na yarda. Amma daga nan sai gaisuwar masallaci, har muka gama.

Wallahi har yau abin na ci min rai. Ni na tsaya ina tir da zaluncin mutanen da suka mutu tuntuni, ga nawa a bakina. Kuma duk ajin ni na fi kowa maki. Malamar ta ce misalin da na kawo ne ya burge ta.