Gadon Yayata a Ƙarƙashin Taya

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma motar ta kafe. Waɗanda ke wurin su ne kakata ta wajen uwa, mahaifiyata, gwaggo, kawu da ke tuƙi, sai ni, ina 'yar shekara goma ko kusa da haka. Zan faɗa muku abin bi da bi, don ba na son labari a hargitse.

Jere za mu je yi. An ɗaura wa yayata aure da wani mutumin ƙauye bayan Wamakko, washegari za a kai ta. Mata kan riga amarya zuwa su shirya ɗakinta, dangin ango su shigo su duba kaya ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka gani ran nan shi za su riƙa faɗa a kanta har ta tsufa. Mun taso daga unguwar Gawon Nama a tsohuwar akori-kurar kawu, an loda mata kwanuka, tabarmi, katifa da gadon katako da aka kwance aka ɗaure da igiya. Allunan gefen gadon dogaye ne masu kauri, an shafa musu jan fenti mai ƙyalli, kafinta ya zana furanni a jiki. Tun yayata tana ƙarama mahaifiyata ke burin gadon nan.

Farkon damina ne. Hanyar ta ratsa wani kwari mai yashi, a bushe yake, amma kowa ya san idan aka yi ruwa a gabas, yakan cika kafin ɗigo ya taɓa kanka. Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin, iska tana kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A tsakiyar kwarin tayoyin baya suka nutse. Kawu ya yi ta taka totur, tayoyin suna juyawa a banza, ƙaurin roba ya cika mana hanci.

"Kashe ta," in ji kaka. "Da ƙahwarka kake binne ta."

Aka saka tabarma, taya ta watso ta baya a yage. Aka karyo rassan sabara, suka niƙe. Kaka ta dubi gabas, ta dubi lodin, ta ce a kwanto allunan gadon.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Hajiya, gadon amarya? Mi za mu ce ma dangin ango? Cewa za su yi gwanjo munka kawo masu!"

"To ki zaɓa," in ji kaka. "Ko gado da tabo, ko ruwa shi kwashi kayan duka, kihi su yi mata jeren."

Mahaifiyata ta miƙe. Ta hau bayan motar ta kwance igiyar da hannunta.

Da farko muka sauke kaya masu nauyi muka kai tudu. Sannan muka yashe yashin gaban tayoyin baya da sabbin kwanukan amarya, har muka ga ƙasan taya. Kawu ya rage musu iska kaɗan. Aka cusa bakin allo a ƙarƙashin kowace taya, gefen fentin yana sama, don ɗaya gefen yana da ƙusoshi. Kaka ta kore mu daga bayan motar, ta ce allo yakan yi tsalle ya karya ƙafar mutum. Daga ƙarshe ta leƙa ta taga ta ce wa kawu, "Sannu a hankali. In ta hau, kak ka tsaya sai ka ji ƙasa mai ƙarhi."

Na ji ƙarar katakon yana kuka ƙarƙashin taya. Motar ta yi nishi, ta hau, ta tafi. Muka ɗauko allunan. Fentin ya ɗaye, furannin sun goge, sai baƙin sawun taya daga wannan kai zuwa wancan. Muna gama mayar da lodi ruwa ya sauko. Da na waiwaya, jan ruwa ya riga ya rufe ramin da muka haƙa.

A gidan ango aka haɗa gadon. Allo ɗaya ya koma jikin bango, ɗayan dole ya fuskanci ƙofa. Gwaggo ta sako zanen gado har ƙasa don ta rufe shi. Kaka ta naɗe zanen ta tura ƙarƙashin katifa. Gwaggon ango ta shigo da mata a bayanta, ta shafa sawun da yatsa, ta ce, "Wanga gado ya ga duniya. Na wa ne da?"

"Ya ga duniya kam," in ji kaka. "Shi yaɗ ɗauko mota guda daga kwarinku. Naki gadon mi yat taɓa ɗauka in ba ke ba?"

Aka yi dariya, amma ba zan yi muku ƙarya ba, dariyar ba ta kashe maganar ba. Shekaru ana kiran yayata amarya mai gadon taya, a bakin rijiya da wurin suna. Ta yi kuka a farko. Da mijinta ya kawo mai fenti, ta hana shi shiga ɗakin. A kan gadon nan ta yi jegon 'ya'yanta duka, sawun yana kallon ƙofa.

Yanzu ɗana yana da allunan roba masu haƙora, an yi su musamman don fid da mota daga yashi, yana ɗaure da su a saman motarsa. Abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Jere kuma yanzu a waya ake fara ganinsa, ƙarzane ɗaya a jikin kujera ya ishi amarya ta kwana tana kuka, ya ishi uwarta ta kasa fita unguwa. Ni ban yarda da wannan ba, kuma na faɗa a gaban surukan 'yata.

Saboda haka ga roƙona gare ku. Idan aka gayyace ku ganin jere, ku bar yatsunku a cikin mayafi. Ku fara ba matan da suka kawo kayan ruwa su sha, ku tambaye su yadda suka baro hanya.