Ƙafar Baba da Katin Tamin

Ni ce na sa sunan Baba a katin tamin, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba. Tamin shi ne abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira inshorar lafiya. A shekarun da nake aiki a wani kamfanin shigo da kaya a Khartum, kafin yaƙi ya watsa mu, ana yankar wani abu daga albashina duk wata, a ba ni katin zuwa asibitin kuɗi, ni da 'ya'yana. Da na ji ana iya ƙara iyaye in mutum ya yarda a ƙara yanka, ban nemi shawarar kowa ba, na kai hoton Baba.

Yayana, mai shagon kayan wuta a Kasuwar Libiya da ke Umdurman, da labari ya kai masa sai da ya yi mini huɗuba.

"Ke dai kina kiran ciwo da hannunki. Mutum lafiyarsa ƙalau, kina kama masa gado? Ga mustashfan hukuma nan, asibitin gwamnati, a can aka haife ki."

Na ce, "A can aka haife ni, Yaya, a can kuma na wuni a rana da 'yata tana fama da zazzaɓi, layi bai zo kanmu ba."

Ba raina asibitin gwamnati nake yi ba. Likitocinsa sun san aiki, kuma ya rufa wa talakawa da yawa asiri, har da mu. Amma na san yadda ake aika mutum ya sayo auduga da allura da safar hannu, na kuma san yadda ake jiran ɗakin tiyata. Baba yana da ciwon sukari, ni kuwa ba na wasa da wannan ciwon.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a gonakin auduga na Jazira. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya dawo wurina a unguwar Alsahafa, kuma a nan ya sama wa kansa sana'ar tsufa, wato dubiya. Da safe zai zura jallabiyarsa, ya naɗa rawani, ya sayi lemo a leda, ya hau mota. Duk mutuminmu da aka kawo asibiti daga ƙauye, ko ya san shi ko bai san shi ba, sai Baba ya je ya tsaya a kansa ya ce, "Kaffara, kaffara," kamar yadda ake gai da mara lafiya a nan. Ya zauna, ya ɓare masa lemo, ya yi wa mai jinya faɗa in bai gyara shimfiɗa ba. Ministan lafiya muke ce masa a gida. Mun saya masa waya ya ƙi karɓa, wai dubiya da ƙafa ake yin ta.

Wannan yawon ne ya jawo takalmi ya ci masa babban yatsa. Ya ɓoye ciwon cikin safa, yana barbaɗa masa garin bagaruwa, har sai da wari ya tona shi. Da na cire safar sai na ga yatsan ya yi baƙi. Ko musu ban tsaya yi da shi ba, na ɗauko kati, na tare mota.

Likitan da ya duba shi bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce dole a cire yatsan da zarar sukari ya sauka, in kuwa aka yi jinkiri ƙafar ce za ta tafi. Yayana ya tambaye shi ko ba za a iya yi a asibitin gwamnati ba. Likitan ya yi murmushi ya ce ai shi ma can yake aiki da safe, hannun ɗaya ne, sai dai a can ba zai iya faɗa mana ranar da ɗakin tiyata zai samu ba. Na kalli Yaya, ya kalli silin.

Aka ba Baba ɗaki a bene na sama, shi kaɗai, ga na'urar sanyi, ga farin zanen gado, ga talabijin. Tagar tana kallon bangon wani gini. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina a ranar. Sai dai asibitin yana da doka: mai jinya ɗaya, baƙi kuwa sai 'ya'ya da jikoki, su ma na ɗan lokaci da yamma. Akwai mai gadi a ƙofa wanda ba ya jin magiya.

Tun ranar farko idon Baba yana kan ƙofa. Ko ma'aikaciyar jinya ce ta taɓa ta, sai ya gyara rawaninsa. Washegari ya ce, "Ba wanda ya zo?"

"Sun zo, Baba, mai gadi ne ya hana su. Suna ta kirana a waya, suna gaishe ka."

"Wane mai gadi ne zai hana mutum dubiya? Ni da ba mustashfan da ban shiga ba?"

Na yi bayani har bakina ya gaji, bai yarda ba. A ganinsa mutane ne ba su zo ba, ni kuma ina rufa musu asiri don kada ransa ya ɓaci. Mutumin da ya ƙarar da takalma a kan marasa lafiyar mutane, yau ga shi kwance daga shi sai ƙarar na'urar sanyi. Ya daina cin kisira, siririyar wainar dawar nan da ake kawo masa daga gida. Ya juya fuskarsa bango, magana ma sai na ja shi.

Ranar da sukari ya sauka, likita ya zo neman yardarsa, Baba ya ce atafau ba mai taɓa shi.

"Ku kai ni na hukuma. Can ƙofa a buɗe take. In ba su zo ba a can ma, halas, shi ke nan, na san matsayina."

"Baba, ƙafarka fa!"

"Ƙafar me? In je da ita wurin wa?"

Yayana ya fara cewa tunda ran tsoho yana can, a bi masa son ransa. Nan na hau shi da faɗa, na ce in ya ƙara wannan magana a gaban Baba sai dai ya nemi wata ƙanwar. Amma a cikina tsoro ne fal. Ga gado, ga likita, ga ɗakin tiyata an share, duk katin ya biya, mai ƙafar kuma ya ce a'a. Na san in muka fita daga ginin nan muka shiga layi, da sandar guragu Baba zai dawo gida.

Tunda aka kwantar da shi ban leƙa waje ba, Yaya ne ke kawo komai ta ƙofar baya inda ake ajiye motoci. Ranar dai zuciyata ta ƙi zama, na ja tobina, wato lafayata, na sauka ta babbar ƙofa in sha shayi in huce.

A tsallaken titi akwai wata katuwar darbejiya, da wata mata mai shayi a gindinta. Kujerunta sun ƙare, har an shimfiɗa tabarmi. Fararen jallabiyoyi ne reras a inuwa, mata kuma a gefe guda da kwanukan abinci. Sai da na matso na gane fuskokin. Ga tsohon telan nan na Kasuwar Umdurman, abokin Baba tun Jazira. Ga matar da Baba ya yi ta zarya a kan mijinta har ya cika. Ga wasu da ban taɓa gani ba.

Na durƙusa na gai da telan, na ce, "Baffa, ai na ɗauka in an hana ku komawa kuke yi."

"Mu koma ina, 'yata? Dubiya muka zo. Shi wancan ya hana mu ƙofa, bai hana mu zama ba. Kullum muna nan har la'asar."

Mai shayi ta sa baki, ta ce ita dai Allah ya ba wannan tsoho lafiya, amma ba ta taɓa ciniki irin na makon nan ba.

Ban sha shayin ba. Kai tsaye na wuce wurin shugabar masu jinya, na ce a sauko da mahaifina ɗakin ƙasa mai kallon titi. Ta ce katina na ɗakin sama ne, na ƙasa kuwa ƙanana ne, ga hayaniyar motoci, ga ƙura. Na ce hayaniyar nake so. Ta dube ni kamar wadda ta zautu, ni kuwa na tsaya mata a kai har sai da ta sa aka kawo keken marasa lafiya.

A sabon ɗakin na tura gadon jikin taga, na buɗe ta, zafi da ƙarar raksha, kekunan hayar nan masu ƙafa uku, suka shigo. Na tallafo Baba na jingina shi da filo, na ce ya duba waje. Da farko ya ƙi. Sai telan ya hango rawaninsa, ya miƙe, sauran ma suka mimmiƙe, suka matso bakin titi. "Kaffara, ya Hajj! Kaffara!"

Baba ya daɗe yana kallo. Can ya fara nuna su da yatsa yana faɗa mini ko su wane ne, wannan daga Sinnar, wancan ɗan wanda aka yi wa aikin ido. Wani dattijo ya ɗaga hannuwa sama zai ja fatiha, irin yadda ake yi a gidan makoki. Baba ya zabura.

"Ke, ce wa wancan ya sauke hannunsa, ban mutu ba!"

Na leƙa na faɗa, titi ya kwashe da dariya. Ni ma dariyar nake yi, hawaye na zuba. Baba ya goge fuskarsa da jelar rawani, ya ƙara duban mutanen nan da wasunsu suka tsallako kogi tun daga Umdurman a cikin rana saboda shi, sannan ya juyo gare ni.

"Kira mini likitan nan. Ce masa ya ɗauki yatsan, ya bar mini ƙafar. Kin ga yawan gidajen da zan je godiya?"