Ba Bugun Ƙasa Ba Ne, Baba

A shekarun da albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata, buhun taki kuma ya zama abin kallo, ni ƙaramin malami ne a sashen tarihi na jami'a, amma a ƙauyenmu nake kwana, can bayan Ungogo. Kullum in taka keke in ratsa gonaki har Rijiyar Zaki, sau da yawa in tarar an shiga yajin aiki, in juyo. Na kasa zama wuri guda. Inna takan ce sai ka ce an zuba mini ƙaiƙayi a riga.

Wani Bafaranshe ne ya hana ni sukuni. Ya zo ya yi mana lacca a kan mutanen dā na ƙasar Iraƙi, masu rubutu a jikin laka. Sukan cura ta, su daddanna da tsinken kara, ta bushe, alamomin su fito kamar kan ƙusa. Ya ce yana ɗalibi ɓaraguzai kawai ake ba shi yana harhaɗawa, daga nan ya shiga cikin masu tonon kufai, har aka ba shi koyarwa a Faris. Da aka tashi na tare shi da gurgun Faransancina na sakandare. Ya saurare ni sosai, ya ce akwai gurbin ɗalibi, in na iso kafin sanyinsu ya shigo zai karɓe ni.

Saura albarkar Baba. A gidanmu ko Kaduna ba a zuwa sai da ita, balle Turai.

Na same shi a gona yana maimai. Na durƙusa na ce, "Baba, karatu zan tafi. Karatun ƙasa ne, rubutun mutanen Babila."

Ya dogara hauya ya dube ni. "Babila? Garin da ake ambata a tafsiri, inda aka koyi sihiri? Bugun ƙasa za ka je Nasara ya koya maka?"

Innalillahi! Ni na ce karatun ƙasa, shi ya ji bugun ƙasa, aikin 'yan duba masu baje yashi su zana su faɗa wa mutum gobensa. Na rantse, na sake rantsewa. Ya ce bai haifi boka ba, ya ci gaba da nomansa.

Kafin Juma'a magana ta gama gari. Wata tsohuwa ta tare ni a bakin rijiya, wai in duba mata wanda ya ɗauke mata akuya. Abokaina suka sa mini boka mai digiri. Haushi kamar in fashe. Na ɗebo laka a kududdufi na zauna a tsakar gida ina nuna yadda ake rubutun, sai Inna ta kama salati ta ce in fitar mata da wannan abin. Na kai maganar wajen liman, ya ji bayani, ya ce shi bai ga laifi ba, ya kuma faɗa wa Baba haka a gabana. Baba ya ce ya ji, amma bai ce je ka ba.

Gero ya fid da kai, ya nuna, aka girbe, ni ina ta safa da marwa tsakanin gida da jami'a, abinci ma a tsaye nake ci. Ranar da muke jera dammuna a rumbu haƙurina ya ƙare. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

"Baba, wallahi ba sihiri a ciki! Awon hatsi ne, da rigimar iyakar gona, da kukan fari. Manoma ne irinmu!"

Ya ajiye damin da ke hannunsa ya zauna a kai.

"Na sani," ya ce. "Tun ranar da liman ya yi magana na sani. Yayyenka sun tafi kudu, sai dai gaisuwa a bakin direba. Masu yanka filoti sun ci gonar maƙwabcinmu, ga su nan suna leƙen tamu. Dubi hannuna." Ya miƙo shi, duk tsufa ya cinye shi. "Kunya na ji in ce wa ɗana tsoro nake ji, shi ya sa na riƙe maganar sihirin. Je ka. Allah ya yi maka albarka."

Damina guda ina faɗa a kan kalmar nan, ga ta an ba ni, na rasa yadda zan yi da ita. Na so in yi murna, ƙirjina ya ƙi. Na ɗauki damin da ke gefensa na ɗora, na ɗauki na bayansa, har muka cika rumbun.

Ban tafi ba. Ba wanda ya hana ni, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don ba ni da wanda zan yi fushi da shi. Bafaranshen ya ci gaba da hawa, ya zama farfesa, ɗalibansa ma suka zama farfesoshi, ina jin labarinsa jefi-jefi. Na noma gonar tare da Baba har Allah ya karɓe shi, kuma ban yi nadamar ko damina ɗaya ba. Amma har yau ban iya karanta harafi guda na rubutun nan ba, kuma har yau ina so.