Ranar da Muka Kashe Ogan Ƙarshe

Har yau, da furfurata da komai, in na dawo daga aiki sai na taɓa gem kafin in taɓa tuwo. Matata ta yi mita har ta gaji ta sallama. Abin ya samo asali ne a Nasarawa Gwom, a falon maƙwabtanmu, lokacin ina firamare.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su. Maigidan ma'aikacin gwamnati ne, yana da ɗa sa'ana, kuma yaron aka kawo wa na'urar gem daga Legas, irin wadda ake haɗawa da talabijin a cusa mata kaset. In kaset ya ƙi, sai a cire a hura masa iska a mayar. Wasa ɗaya muka nace wa: wani ɗan mutum da bindiga yana ta gudu a daji, mataki bayan mataki, a ƙarshen kowane mataki ƙaton oga ya tare hanya. Yaran unguwa suna ta labarin ogan ƙarshe, amma duk cika baki ne, babu wanda ya taɓa ganinsa. Mu kuwa muka ƙudura sai mun gan shi mun kashe shi.

Matsalar ita ce na'urar ba ta ajiye inda ka tsaya. Da an kashe ta ko an ɗauke wuta, ka koma farko ke nan. Wutar kuma ba ta zama, don haka ba ma sake da ita in ta zo. Sai muka tsara karɓa-karɓa. In an kira sallah, in miƙa wa abokina abin dannawa in ruga masallaci. Ranar Lahadi shi zai miƙo mini ya tafi coci, mamarsa ta bar ni ni kaɗai a falo. Adaftar da ke ba na'urar wuta zafi take kamar dutsen guga, sai mu ɗora ta a bakin taga sanyin Jos ya yi mata fifita.

"Ku yaran nan, za ku ƙone mini gida!" Haka Mama take cewa kullum, amma ba ta taɓa zare mana waya ba.

Daga baya unguwa ta fara canzawa. Gidaje suna ta ƙaura, kowa na neman inda nasa suka fi yawa. Wata rana abokina ya ce babansa ya samu gida can wajen Rayfield, ranar Asabar za su tashi. Ga shi mu har lokacin a matakin kusa da ƙarshe ake karkashe mu.

Ranar Asabar da safe muka yi sa'a akwai wuta. Motar kaya ta iso muna tsakiyar wasa. Aka kwashe kujeru muka koma ƙasa, aka ɗauke tebur aka dire mana talabijin a kan siminti. Ko ɗaga kai ba mu yi ba. Falon ya zama wayam lokacin da ogan ƙarshe ya bayyana, mummuna, ya cika fuskar talabijin.

Direba ya leƙo ya ce wa maigidan, "Oga, rana tana yi fa. Saura wannan."

Baba ya dube mu, ya ce, "Bar su. A sa shi ƙarshe." Ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu. Mama ma ta tsaya da jakarta a kafaɗa.

Babban yatsan abokina ya yi bororo, sai ya miƙo mini. Na danna, na kauce, na danna, har ogan ya tarwatse. Wani rubutun Turanci ya fara hawa sama. Muka yi tsalle muna ihu, muka rungume juna, ɗakin da ba kaya yana amsa kuwwa.

"Kun gama?" in ji Baba.

"Mun gama, Baba."

Ya sunkuya ya zare wayar.

Sai a lokacin na gane cewa wasan ne kaɗai ya riƙe su a gidan. Rayfield ba wata duniya ba ce, amma a wancan zamani ba mai barin yaro ya tsallaka gari, kuma ba mu sake haɗuwa ba. Na tsaya a ƙofar gidansu ina kallon motar, abokina yana zaune a baya ya rungume talabijin, har suka sha kwana. Baƙin ciki ya cika ni. Na yi ta jin haushin hannuna da bai bari an kashe ni mun koma farko ba.