Ranar da Gwaggo ta Ɓace a Hanyar Tabki

Gwaggona, yayar babanmu, makauniya ce, amma kada ka kuskura ka ce za ka ɗebo mata ruwa. Sai ta ce, "Kai ka haife ni?" Kullum da safe takan ɗauki tulunta ta gangara tabkin da ke yamma da ƙauyenmu, can ƙasar Tanut, ita kaɗai. Kunnenta ke kai ta. Bakin tabkin cike yake da kacala, doguwar ciyawar ruwa mai kai kamar zangarniyar gero, kuma a cikinta balbela da kirinjijiya da jan baki ke kwana, ga kwaɗi. Hayaniyarsu har cikin gida ake ji. Hayaniyar nan gwaggo take bi, in ta ji ta koma hannun hagu, ta san ta iso inda mata ke ɗiba, inda ruwa ke tsatsowa ta cikin kacalar garau.

Tsohon mai gari ya hana a taɓa ciyawar nan, ko lauje ba a shiga da shi. Bayan rasuwarsa jan baki suka yi mana ɓarna a gero, maza suka ce ai maganinsu a ƙone makwancinsu. Da rani ya busar da ciyawar, suka cinna mata wuta. Gwaggo ta ji ƙaurin hayaƙi, ta ɗauka gona ake sharewa.

Washegari ta fita da tulunta, har hantsi ba ta dawo ba. Na gangara tabki. Fili fetal, baƙi ƙirin, shiru kamar maƙabarta! Shanu sun shiga ta ko'ina, sun dama ruwan ya koma kunu. Ba gwaggo, ba dalilinta.

Sawunta na bi. Can arewa na same ta, tsakiyar wata gona, zaune da tulu wayam, leɓenta ya bushe.

"Gwaggo! Me ya kawo ki nan?"

"Ɗan nan, sake magana."

Na sake. Ta yi ajiyar zuciya. "To, ashe ba kurumcewa na yi ba. Ina tsuntsayen?"

Na gaya mata. Na soma zagin waɗanda suka yi aikin, ta ɗaga hannu na yi shiru. Ta daɗe tana saurare, kanta a karkace, ko za ta ji kuka guda. Sannan ta lalubo sandarta ta miƙo mini ɗaya bakin.

"Ja ni gida," ta ce.