Kwalbar Kwal a Zauren Baffa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da abokin aikina na sashen kimiyyar sinadarai a jami'a. Baffana, dagaci a wani ƙauye kusa da Fulatan, ya aiko in bar bincikena in dawo in zama wakilinsa. Ba a yi wa Baffa musu, shi ya sa na ɗauko aikin ya gani da idonsa: garin kwal ɗin Inugu, da siririyar kwalba, da wani ruwan sinadari mai narkar da abubuwa.

Ruwan nan wari gare shi. Kafin mu kai Gwarzo wata tsohuwa a cikin motar Fijo da muka shiga ta rantse direba ya ɗauko mushe. Daga Karaye muka koma a-kori-kura a kan buhunan gyaɗa, bayan mun sha furar da ta fi ta birni kauri da araha. Hanyar Rogo duk ramukan da damina ta bari, dawa ta rusuna dama da hagu.

Bayan doguwar gaisuwa Baffa ya tambayi abin da ya riƙe ni a birni. Na zuba garin a kwalba, na ɗaura zare daidai inda ya tsaya, na tsiyaya ruwan. Na ce masa kwal cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ƙwayoyin ruwan suna kutsawa a hankali su buɗa shi, wasu ƙwayoyin kwal ɗin kuma su sulalo waje. Saurin wannan shige da fice nake aunawa, don wata rana a tatso mai daga kwal.

Sai ya sa aka ajiye kwalbar a zaure. Abincin kirki ban iya ci ba.

Washegari da hantsi na tarar da shi da dattawa sun kewaye kwalbar. Ruwan ya koma kamar baƙin shayi, garin ya kumbura ya haura zaren.

"Ba wanda ya taɓa ta?" in ji shi.

"Babu, Baffa."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Koma ka ƙarasa. Wakilci ƙaninka ya riƙe."

Muka iso Kano da la'asar da damin rake, ina ta dariya ni kaɗai. Shekaru ina ɓoye wa mutanen gida aikina don ina ganin ba za su gane ba, ashe nunawa ce ban taɓa yi ba.