Ranar da Na Amsa wa Inna Tambayar Likita

Akwai wata safiya da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Abin da ya faru a cikinta bai fi minti goma ba, amma har yau idan na tuna sai nadama ta kama ni.

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a a Dutsin-Ma, gidanmu kuma yana Kurfi. Ni ne ɗan fari a wurin Inna, mahaifiyata, don haka tunda na tashi ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai," take cewa, ko "wancan." Ba ta cin abinci a gabana, ba ma doguwar hira. Haka na taso, ban taɓa ganin wani abu a ciki ba.

A shekarar ƙanwata da ke bi mini ta rasu wajen haihuwa. Inna ba ta yi kuka a bainar jama'a ba, mata suna ta yaba haƙurinta. Bayan sadakar arba'in sai barci ya ƙaurace mata. Wata biyu, wata uku, idanunta suka faɗa. Baba yana can wajen Zobe yana noman rani, sai ya kira ni a waya.

"Kai ne ɗan boko. Ka kai ta asibiti, ka yi musu bayani yadda za su gane."

Ni mutum ne da magana ke yi wa wuya, amma ina da rubutu. Na sayi sabon littafi, na ja layuka da rula. Mako biyu ina zuwa Kurfi kullum bayan lacca, ina tambayar ƙannena: ƙarfe nawa Inna ta kwanta, ƙarfe nawa suka ji motsinta, ta sha shayi ko ba ta sha ba. Komai na rubuta. Ita kuwa ban tambaye ta ko da kalma ɗaya ba.

Muka je wani asibiti a Dutsin-Ma. Likitan ya duba littafin, ya ce, "Malam, wannan aiki ya yi kyau." Gaskiya kaina ya kumbura. Sai ya juya wajen Inna.

"Hajiya, ban da rashin barcin, me ke damun ki a zuci? Idan kin farka, me kike tunani?"

Inna ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Likitan ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ko za ka ɗan ba mu wuri?"

A nan na yi kuskuren. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ranar bakina ya buɗe. "Likita, ai ba ta da wata damuwa. Mai haƙuri ce sosai. Barcin ne kawai, ga shi nan duk na rubuta."

"Haka ne, Hajiya?"

"Haka ne," in ji ta, da wata murya da kyar ake ji.

To me za ta ce? Ta ƙaryata ɗan farinta a gaban baƙo? Ko ta buɗe cikinta ina zaune? Likitan ya rubuta maganin barci na 'yan kwanaki, ya ce mu dawo bayan mako biyu, kuma zai fi so wata 'yar'uwarta mace ta rako ta. Maganar ta ɗan sosa mini rai, don haka ban isar da ita gida ba. Inna ta samu barci na 'yan kwanaki, jarrabawa ta taso, ba mu koma ba.

Da maganin ya ƙare, komai ya dawo, har ya fi da. Ta daina suyar ƙuli-ƙulin da aka san ta da shi. Ta daina tsefe kai. A ajiye mata tuwo, a dawo a same shi ya bushe. Wata huɗu a haka, har ranar da ƙanwarta, wadda muke kira Iya, ta zo daga Rawayau a kan babur. Kwana ɗaya ta yi a ɗakin Inna, washegari ta same ni a zaure.

"Kai, malamin takarda! Kai ka kai ta asibiti?"

"Ni ne, Iya."

"Ka shiga da ita ciki?"

"Na shiga."

Ta tafa hannu. "Innalillahi! Matar da ko sunanka ba ta faɗa, ita za ta faɗi ciwonta kana tsaye a kanta da biro? Ka san ta ce mini kullum roƙon Allah take ya ɗauke ta ta bi 'yarta? Ka rubuta wannan a littafin naka?"



Iya ce ta tsaya da ƙafarta aka kai Inna Katsina wajen likitan ƙwaƙwalwa, duk da masu cewa za a ɓata wa gida suna. Wannan karon a benci na zauna, a waje. Sun fi awa ɗaya a ciki. Da suka fito idanun Inna sun yi ja, amma na lura ta saki kafaɗunta. An ce ciwon damuwa ne mai tsanani, rashin barcin alamarsa ce kawai. Aka ɗora ta a kan magani na watanni, da zuwa ganin likita a kai a kai don ta riƙa faɗin abin da ke ranta. Sannu a hankali barci ya dawo, abinci ya fara shiga. Sai da aka kusa shekara kafin in sake jin ƙamshin suyarta daga ƙofar gida.

Ta warke, alhamdulillahi. Amma wata huɗun nan da ta yi tana roƙon mutuwa ita kaɗai, a wuyana suke. Ban taɓa ba ta haƙuri baki da baki ba, don kunyar da ta hana ta magana ita ce ta hana ni. Iya na aika. Amsar da ta dawo da ita gajeriya ce: "Ki ce wa wancan ba komai."

Littafin yana nan a akwatina. Abin da ya koya mini shi ne, idan babba ya daina barci, kada a tsaya ƙirga sa'o'i, a nemi abin da ke cin zuciyarsa, a kai shi wurin masu ilimin abin. Idan kuma ka raka mara lafiya, likita ya ce ka ba su wuri, ka tashi ka fita, ka ja musu ƙofa.